Ragon Dutse da Sunan da Ban Rubuta Ba

Hindawiyya, Jidda

Zuwa ga ɗana Anas,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sauke jirginka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙasar da za ka.

Na san za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ɗakinsa ke jikin naka. Sau uku ina kiranka in yi maka wannan magana, sau uku ina ɓigewa da tambayarka ko ka sayi rigar sanyi. Baki ya ƙi, shi ya sa na koma ga biro. Na kuma san Hausarka ta kunne ce, kana ji sarai amma karatu sai ka yi gumi. Ka yi haƙuri ka bi ta a hankali. Da Larabci ina iya ciniki, ina iya faɗa da masu tasi a Balad cikin tsohon garin Jidda, amma wannan maganar da Hausa take zaune a cikina shekara talatin, da Hausa kuma za ta fita.

Ba aikin da ka samu a Amurka ne ya dame ni ba. Kai babba ne, ka yi karatunka, ka san hannunka. Abin da ya hana ni sukuni shi ne abin da ka nuna mana ranar Juma'a muna cin abinci, ragon dutsen nan na hamadar Arizona mai ƙaho a nannaɗe. Ka ce ana shiga ƙuri'a ne a nemi izinin harbinsa, mutum kan yi shekaru yana nema bai samu ba, kuma ka riga ka fara cike takarda tun kafin ka taka ƙasar. Ka nuna mini wani jagora a waya, jajir da shi, yana dariya kan gawar rago, ka ce, "Yaba, shuf," wato baba duba, "wannan bai taɓa dawo da kowa hannu wofi ba." Ummanka ta yi dariya ta ce jinin kakanka maharbi ne ke motsi. Ni na ajiye cokali, ka ɗauka ƙoshi na yi. Tsoro ne ya kama ni, Anas. Ina tsoron ka hau dutse bayan mutumin da ka zaɓa a waya, a sauko ba kai.

An gaya maka Baffanka Sule zazzaɓi ne ya kama shi a daji ya rasu kafin a haife ka. Ni na shirya wannan labarin, kuma ƙarya ne. Ga yadda aka yi.

A lokacin ni direba ne a gidan kafilina Abu Fahad, wato Balaraben da ya tsaya mini a takardar zama, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son farauta kamar ya mutu. Da sanyi ya shigo sai mu ɗaura kaya a jip biyu mu nufi duwatsun arewa, tafiyar yini guda daga Jidda. Sule ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya zo umara ya ƙi komawa, kamar yadda mutanenmu da yawa suka yi, yana dako a kasuwar Balad ba iƙama, wato takardar zama. Shekara biyu yana rayuwar ɓoye-ɓoye, in ya ji jiniya ya faɗa lungu. Mutumin da ya tashi yana bin babanmu daji da kare da sanda, ya koma ɗaki ɗaya da mutum shida. Da ya ji za mu farauta ya hana ni sakat. "Yaya, ko kaya ne in ɗauka. In dai ga sararin Allah kwana uku." Na roƙi Abu Fahad, ya ce ba damuwa, ya zo.

Kafin a shiga duwatsun akwai ofishin 'yan sanda a ƙauyen ƙarshe, nan ake nuna takardar izinin farauta a bar musu sunayen masu shiga da ranar fitowa. Ni ake ɗora wa wannan aikin, don ni na san layi da haƙurin tsayuwa. Na tsaya gaban tebur da biro a hannu, na rubuta Abu Fahad, na rubuta ɗansa Fahad, na rubuta jagora, na rubuta kaina. Sule yana kwance a bayan jip ƙarƙashin tabarmi. In na rubuta shi za a ce ina iƙamarsa. Na miƙa takarda da suna huɗu, alhali mu biyar ne, na fito ina jin kaina wani mai wayo. Ko takardar izinin ban karanta ba. Sai daga baya na tabbatar ta tsuntsaye ce da zomaye, babu akuyar dutse a cikinta, wadda Larabawa ke ce wa wa'il, kuma ita muka je nema.

To ka ji na farko. Takardar nan da kake cikewa a kwamfuta kana taɓe baki kana cewa tambayoyi sun yi yawa, ka zauna ka karanta ta layi-layi kamar mai koyon karatu. Wane dutse aka ba ka, daga wace rana zuwa wace rana, wane irin rago aka yarda ka harba. Kada ka ƙara komai, kada ka rage komai, ko da abin zai jinkirta maka shekara. In abokinka zai raka ka don ya riƙe maka madubin hange kawai, a san da shi a rubuce. Duk wanda zai taka dutsen nan tare da kai, sunansa ya zauna a hannun wani da ke ƙasa. Ni na ɗauka takarda don hukuma ake yin ta. Ashe don ranar da za a fita nemanka ake yin ta.

Maganar jagora ta fi wannan ciwo, domin a nan da bakina na yi ɓarnar.

Abu Fahad yana da tsohon jagoransa, Ammi Salim, wani Balaraben ƙauye siriri da ido ɗaya mai hakiya. Wallahi tsohon nan ya ishe ni a lokacin. Ba ya sauri, ba ya hira, ba ya dariya in ka yi barkwanci. Kuma yana da wata al'ada da nake gani ɓata lokaci ce. Duk safiyar da za a shiga dutse sai ya share ƙasa da tafin hannunsa, wuri kamar faɗin tabarma, ya ce kowa ya taka ya wuce da takalmin da zai yini da shi. Kowa fa, har Abu Fahad da girmansa. Sai ya tsuguna ya ƙura wa sawun ido, yana motsa baki, mu muna tsaye rana tana tasowa. Na taɓa ce masa, "Ya Ammi, ni direba ne, ina mota, me za ka yi da sawuna?" Bai ko ɗago ba ya ce, "Direba ba ya zagayawa bayan dutse?" Sau biyu kuma yana juyo da mu gida ba mu harbi komai ba, sau ɗaya don ya ce ruwanmu ya yi ƙasa, sau ɗaya don iska ta sauya. A wannan shekarar ma ya ce shi ba zai kai kowa wurin wa'il ba, takarda ba ta ba da shi ba.

Ni kuwa na haɗu da wani Majid a shagon shayi a Balad. Baki gare shi kamar rediyo. Sabuwar mota, hotunan ƙahoni cike da aljihu, kowane dutse ya san shi, kowane babban mutum ya taɓa kai shi. Yana kirana "ya ustaz", ni da ba a taɓa kira da komai ba sai "ya Musa, jib sayyara", wato kawo mota. Kaina ya kumbura. Na je na yi ta zuga Abu Fahad, na ce tsohon nan ya gaji, ido ɗaya gare shi, ga yaro mai jini a jika da zai kai mu har bakin wa'il. Ina so ne a ce Musa ya kawo mutum. Abu Fahad ya ce, "Tayyib, a kan amanarka." Haka muka bar Ammi Salim a ƙauyensa ko sallama ba mu tsaya yi masa ba.

Shi ya sa da ka ce jagoranka bai taɓa dawo da kowa hannu wofi ba, na ajiye cokali. Wanda bai taɓa juyowa ba, ko dai maƙaryaci ne, ko kuma bai san lokacin juyowa ba, kuma na biyun ya fi haɗari. Ka kira shi, ba saƙo ba, ka ji muryarsa. Ka tambaye shi yaushe rabon da ya ce wa mai farauta a koma, kuma me ya sa. Ka tambaye shi ruwan mutum nawa yake ɗauka, wa ya san inda kuke, me yake yi in waya ta daina kamawa. Ka ce ya haɗa ka da wani da ya bi shi bai samu rago ba, ka ji abin da wannan zai ce. In ya fara yabonka tun bai ga tafiyarka ba, ka yi masa godiya ka ajiye waya. Ka nemi wanda zai tambaye ka gwiwarka da numfashinka da takalminka har ka ji haushi. Na san halinka, irin nawa ne, duk wanda ya yi maka fara'a ka ba shi wuƙa da nama. Mai saida waya a Balad ma sau nawa yana yi maka haka.

Da safiyar kwana na biyu Majid ya hango wa'il uku a kafaɗar dutse. Bai share ƙasa ba, bai tambayi sunan kowa ba, Sule ma "ya sadik", wato aboki, yake ce masa. Ya ce wani ya zagaya ta baya ya koro su wajen bindiga. Sule ya miƙe tun ba a rufe baki ba, murna har kunne. Na ga gorar ruwan da ya ɗauka, 'yar ƙarama ce, rabinta ma ya sha. Na buɗe baki zan ce ya ɗauki babbar, sai na ga Fahad yana kallonmu, na ji kunya kada a ce baƙaƙen nan ragwaye ne, ba sa iya awa biyu ba ruwa. Na bar shi ya tafi da ita. Kai ma za ka tsinci kanka kai kaɗai cikin mutanen da ba irinka ba, kana so ka nuna musu kai namiji ne. In ka gaji ka ce ka gaji, in ƙishi ya kama ka ka tsaya ka sha, ko da kowa zai juyo ya dube ka. Ba wanda zai tuna da wannan bayan mako guda.

Aka yi harbi, aka kuskure, dabbobin suka tsallake ta wancan gefen. Majid ya yi tsalle ya faɗa motarsa yana ihu, "Yalla, yalla, za mu tare su a kwari!" Abu Fahad ya shiga motar Majid, Fahad ya faɗo tawa. Na leƙa na ce ina Sule, Majid ya ɗaga hannu ta taga ya ce, "Halas, kowa na nan, tafi!" Na ɗauka Sule ya sauko ta can ya shiga wurinsu. Shi kuma Majid huɗun takarda ya riƙe a kansa, huɗu ya gani. Ƙura ta tashi, na bi bayansu. Sai da muka tsaya sallar azahar, nesa da inda muka baro, na ga an buɗe ƙofofin motar gaba mutum biyu sun fito.

Muka koma. Muka yi ta kira har muryata ta dushe. Dutsen nan duk inda ka duba iri ɗaya ne, kuma tayoyinmu da ƙafafunmu sun tattake ko'ina. Majid ya yi ta nuna nan da can, a ƙarshe ya ce zai je ya ƙaro mai. Ban sake ganinsa ba har yau.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har Ummanka. Da la'asar ta yi, Abu Fahad ya kama hannuna ya ce, "Ya Musa, mu je wurin 'yan sanda yanzu, su zo da mutane." Balarabe ne fa, shi ne takardarsa ba ta ba da wa'il ba, shi ne zai sha kunya, amma shi ya faɗa. Ni na ce a'a. Na durƙusa na roƙe shi. Na ce Sule ɗan maharbi ne, ya san daji, zai fito da kansa. Na ce in aka kira hukuma za su kama shi su mai da shi gida. Gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Ina tunanin tawa iƙamar. Ni na ɓoye mutum, ni na rubuta ƙarya da hannuna. Kana cikin Ummanka wata bakwai, ina ganin an ɗaure ni an tura mu jirgi ba ko tsinke. Na ce a ba ni zuwa gobe. Da gobe ta yi na ce a ba ni zuwa azahar. Muna ta zagaye mu uku kamar makafi. Sai da rana ta biyu ta karkata Abu Fahad ya daina saurarona, ya shiga mota ya tafi.

Ya dawo washegari da safe da 'yan sanda da mutanen ƙauye, da Ammi Salim a kujerar gaba. Ba wanda ya tambaye ni iƙama, Anas. Ba wanda ya ko ɗaga maganar a ranar. Babbansu ya ce kawai, "Me ya hana ku zuwa tun shekaranjiya?" Tsohon kuwa bai yi mini gori ba, da ma ya yi. Ya ce, "Nuna mini sawunsa." Ban iya ba. Ƙanena, da na goya, ban san sawunsa ba. Na ɗauko silifas ɗinsa na wanka daga mota, ya juya shi ya ga inda dunduniya ta cinye ta gefe ɗaya, ya ce wannan mutum yana jingina hagu. Ya sa kai ya tafi, sunkuye, muna biye. Kafin hantsi ya yi zafi ya kai mu.

Sule yana ƙarƙashin wani leɓen dutse, wurin da motata ta wuce sau biyu ta ƙasansa. Ya zame ne ya karya cinya, ya ja jiki ya shiga inuwa. Gorar tana gefensa a buɗe. Ammi Salim ya tsuguna ya daɗe yana duban ƙasa, inda Sule ya yi ta juyi, inda ya yi taimama da tafin hannu. Ni da wautata na tambaye shi yaushe. Ya dube ni da idonsa mai kyau, na ga ya so ya yi mini ƙarya, amma ba halinsa ba ne. Ya ce, "Jiya, wajen la'asar." Ka lissafa da kanka. Yini guda da rabi yana nan da rai yana jin ƙarar motata, ni kuma ina ƙasa ina roƙo kada a kira masu ceto.

Mun binne shi a maƙabartar ƙauyen. Abu Fahad ya tsaya mini a kan maganar takarda, aka yi mini faɗa, aka sa na sa hannu, shi ke nan. Abin da na ji tsoro har na bar ƙanena ya mutu, bai ɗauki awa ɗaya ba aka gama shi. Na aika gida cewa zazzaɓi ne. Na ci gaba da tuƙi shekara ashirin da wani abu, na yi muku makaranta, iƙamata ba ta taɓa mutuwa ko kwana ɗaya ba. Mutane suna cewa Musa mutum ne mai tsari.

Na gaji, ɗana. Ba gajiyar gwiwa da ka sani ba. Na gaji da zama da wannan ni kaɗai, na gaji da jin Ummanka tana yi wa Sule addu'a tana cewa Allah ya sa zazzaɓin ya zama kaffara. Ban san da wane ido za ka dube ni bayan ka karanta wannan ba, kuma ba zan roƙe ka ka ga kyauna ba. Ba zan kuma hana ka ragonka ba. Da na hana ka za ka tafi a ɓoye, ka zaɓi jagora a ɓoye, kuma na riga na ga inda ɓoye-ɓoye ke kai mutum. Wataƙila ƙuri'ar ma ba za ta faɗo maka ba sai na daɗe a ƙasa. Amma in ta faɗo ina raye, ka sani duk ranar da abu ya lalace a dutse, a wannan sa'ar ake kiran taimako. Ba a jira a ga ko zai gyaru. Ko za a ci ka tara, ko za a ƙwace izinin, ko za a kore ka daga ƙasar gaba ɗaya, ka kira. A koro mini kai gida kana jin kunya, ni zan zo filin jirgi in ɗauki jakarka.

Saura roƙo ɗaya. Jiya da ka tashi sallah ka bar kwamfutar a buɗe, na sa tabarau na leƙa, Allah ya yafe mini. Akwai wurin da aka ce a rubuta wanda za a kira in wani abu ya faru. Na ga sunan abokin aikinka da ko haɗuwa ba ku yi ba tukuna. Na san don kada a tayar mini da hankali ka yi, ka ga tsoho mai hawan jini. Ka bar nasa, shi ne kusa. Amma ka ƙara nawa a ƙasa, da lambata, ka kuma ba jagoranka ita a hannu. Ka gaya mini ranar hawa da sa'ar saukowa. Turancina bai fi na gaisuwa ba, kuma teku na tsakaninmu, na sani. Amma in sa'ar ta wuce da minti ɗaya ban ji muryarka ba, zan tashi duk wanda ke da waya a wannan unguwa, zan kira duk lambar da ke ƙasar nan taku, in yi ta ihu da Hausa har su nemo mai fassara. Sau ɗaya aka ba ni wannan aikin na ce a jira zuwa gobe. Ka sake ba ni shi, Anas.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare hawanka da saukarka. Allah ya haɗa ka da jagora mai tsoronsa, ya raba ka da mai daɗin baki. Allah ya jiƙan Sule, ya yafe wa yayansa. Ya dawo mana da kai da ƙafafunka, da rago ko babu.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Musa